Takardar gwajin jini: me lambobin suga da kolestarol ke faɗi?

A Maraɗi, Damagaram ko Tawa, mutane da dama kan karɓi takardar gwajin jini da aka rubuta da Faransanci, su naɗe ta su sa aljihu, ba su sake komawa wurin likita ba sai jiki ya motsa. Alhali ciwon suga da yawan kitse a jini kan yi shekaru suna ɓarna a shiru, kafin su bayyana da shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, lalacewar ƙoda ko raunin gani.

Layin da aka rubuta glycémie à jeun shi ne ma'aunin suga bayan awa 8 ba a ci komai ba. Daga giram 0,70 zuwa 1,10 a lita ɗaya, lafiya lau. Daga 1,10 zuwa 1,25 gargaɗi ne. Idan ya kai 1,26 ko fiye a gwaji biyu daban-daban, ciwon suga ya tabbata. Gwajin HbA1c kuwa yana nuna yadda suga ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce, kuma kashi 6,5 cikin ɗari ko sama alamar ciwon ce.

A nan ne ake yawan ruɗewa. Ƙananan na'urorin awo na gida sukan nuna 126 ko 7,0. Ba wani sabon ciwo ba ne: 126 mg/dL, da 7 mmol/L, da 1,26 g/L duk abu ɗaya ne.

Kolestarol iri biyu ne. LDL shi ke liƙewa a jijiyoyin jini har ya toshe su, HDL kuma shi ke kwashe shi zuwa hanta. Ana so jimillar ta kasance ƙasa da giram 2, HDL sama da 0,40, triglycérides ƙasa da 1,50. Iyakar LDL kuwa likita ne ke tsayar da ita, don mai ciwon suga ko hawan jini ana so nasa ya yi ƙasa sosai.

Gyara yana farawa daga kwanon abinci. A rage sukarin shayin da ake sha kofi uku a fada, da lemun kwalba, da fura ko kunu mai zaƙi. A rage kitsen balangu, man shanu da man suya da aka maimaita. A ƙara wake, kwaɗon zogale da gero da ba a surfe sosai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa kwana biyar.

Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don lambar ta sauka. Maganin ne ya saukar da ita. A adana kowace takarda, a kai wa likita tare da ta baya.