Damfarar Saƙon Waya da Yadda Take Cinye Asusun Banki

Damfarar da ake yi ta saƙon tes, kiran waya ko intanet ba ta buƙatar fasa banki. Ɗan damfara shigar burtu yake yi, ya zo da sunan banki, kamfanin waya ko wata hukumar gwamnati, ya lallaɓa har mai asusu ya miƙa masa sirrinsa da hannunsa. Abubuwan da yake nema sanannu ne: lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, lambar NIN, lambobin gaban katin ATM da guda ukun da ke bayansa, sai lambar sirrin cire kuɗi.

Mafi yawan lokuta abin yana farawa da tsoratarwa. Saƙo ya shigo cewa za a rufe asusu yau yau saboda wata matsala a BVN. Jim kaɗan sai kira ya biyo baya, da murya mai ladabi, har mai kiran ya ambaci cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa. Wannan ne ke sa mutane da yawa sakin jiki, alhali irin waɗannan bayanai ba su da wuyar samu, ana tsintar su a Facebook, a takardun neman aiki ko a wayar da aka sace. Daga nan sai ya ce za a turo wata lamba, a karanto masa domin a gyara asusun. Lambar nan ita ce OTP, kuma banki ne da kansa ya turo ta, domin a daidai wannan lokacin ɗan damfarar yana ƙoƙarin fitar da kuɗin. Ana karanto ta, shi ke nan. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi OTP ko lambar sirri ta waya, kuma gaggawar da mai kira ke nunawa ita kanta alama ce, don ba ya son a samu sukunin tambayar wani.

Haka ake sace WhatsApp. Wani ya kira yana cewa shi ɗan wata ƙungiya ne da mutum yake ciki, za a yi taro ta Zoom, a faɗo masa lambobi shida da suka shigo. Da su yake ɗauke WhatsApp ɗin lambar zuwa wayarsa, ya shiga roƙon 'yan uwa da abokai rance da sunan mai ita. Maganinsa shi ne kunna matakin tsaro na biyu a cikin manhajar, a sa lambar sirri ta daban.

Akwai kuma damfarar kwaɗayi: shafukan bogi masu alkawarin tallafi, ɗaukar aiki ko data kyauta, waɗanda ake cewa sai an tura wa mutum goma. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya galibi suna ƙarewa da .gov.ng, na bogi kuwa sukan sauya harafi ɗaya ko su ƙara wata kalma. Hoton kwaɗon da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ne, domin 'yan damfara ma suna da shi.

Layin waya shi ma yana buƙatar kulle. Wanda ya saci waya zai iya sa layin a wata ya gwada shiga asusu ta lambobin USSD, sai dai in an sa wa layin lambar sirri.

Idan an riga an faɗa hannun 'yan damfara, abu na farko shi ne kiran banki ta lambar da ke bayan kati, a toshe katin da asusun, a sauya lambobin sirri, a kuma adana saƙonnin da lambar da ta kira. Sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta wannan damfara, ta kuma tanadi hukuncin ɗauri ko tara.