Ɗan Kwikwiyo Mai Yawan Shan Ruwa Da Fitsari: Ƙuruciya Ce Ko Ciwo?

Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azrak, tun daga Mai Wurno kusa da Sinnar har zuwa bakin tafkin Rusairis, ya san cewa kare ba abin ado ba ne a wurinmu. Shi ne mai gadin awaki da dare, shi ne mai rakiyar manomi zuwa hawasha, shi ne kuma mai tsaron bukkar masunta in sun shiga ruwa. Saboda haka idan karya ta haihu, yara sukan yi rububin ɗaukar 'ya'yanta. To, ba a jimawa sai ƙorafi ya tashi daga cikin gida: wannan kwikwiyo ba ya rabuwa da gindin randa, kuma ko'ina ya tsaya sai ya tsula fitsari. Abin da yawancin mutane kan yi shi ne su ɗauke masa ruwan. Wannan kuwa babban kuskure ne, ko lafiyarsa ƙalau ko yana ciwo.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani cewa ƙodar ɗan kwikwiyo ba ta gama ƙwari sai ya yi kamar wata biyu zuwa uku a duniya. Kafin nan ba ta iya tsimin ruwa irin ta babban kare, shi ya sa fitsarinsa ke fita fari-fari, kuma da yawa. Mafitsararsa ma 'yar ƙarama ce. Kwikwiyon wata biyu da wuya ya riƙe fitsari fiye da awa biyu, kuma zai yi shi da zarar ya farka, ko ya ci, ko ya gama guje-guje. In aka haɗa da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Madani kan wuce digiri 40, ga shi kare ba ya gumi irin namu sai haki, ba abin mamaki ba ne ya yawaita zuwa kwano. Sai kuma abincin da muke ba shi: ragowar asida da miya mai gishiri, da kawunan busasshen kifi. Mu kanmu in muka ci wannan ai randa muke nema.

To yaya za a bambance? Likitocin dabbobi suna da ma'auni mai sauƙi. Kare mai lafiya kan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a yini kan kowane kilo na nauyinsa, kwikwiyo kan ɗan ɗara haka. In ya wuce mililita 100 kan kowane kilo, abin ya zama na dubawa. Wato kwikwiyo mai kilo 3 da ke shanye gorar rabin lita kullum, alhali yana inuwa kuma ba a ba shi gishiri ba, ya wuce misali. A cika gora da safe, daga ita kaɗai ake zuba masa, a ga abin da ya rage washegari, a yi haka kwana uku. Aiki ne da yaron makaranta zai iya, ya kuma ji daɗin an ba shi amana.

Idan yana yawan tsugunawa amma ɗigo-ɗigo yake yi, yana ƙugi, ko akwai jini a ciki, galibi ciwon mafitsara ne, kuma magani na warkar da shi. Idan ya ƙi girma, 'yan uwansa suka bar shi a baya, mai yiwuwa da nakasar ƙoda aka haife shi. Ciwon sukari a wannan shekaru da wuya ake samunsa. Idan kuwa fitsarin ya zo farat ɗaya tare da dalalar miyau da karkarwa, a duba ko an zuba masa ruwa a tsohon gwangwanin maganin feshin auduga, domin guba ce, kuma ba ta jira.

Amma wanda ya fi damuna shi ne ciwon da likitoci ke kira leftosfira, domin bai tsaya kan kare ba. Wani likita Bajamushe, Adolf Weil, ya bayyana shi a jikin mutane a 1886, a 1915 kuma masana a Japan suka gano ƙwayar da ke kawo shi. Ƙwayar tana zaune a ƙodar ɓera da gafiya, tana fita da fitsarinsu, tana kuma rayuwa makonni a ruwan da ya kwanta da taɓo. Mu kuwa tun da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe aikin noman Jazira a 1925, rayuwarmu a bakin tur'a take, ga rumbunan dawa da ke tara ɓeraye. Kwikwiyon da ya sha irin wannan ruwa kan yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, ya yi amai, ya riƙa shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci idonsa da dasashinsa su yi rawaya kamar mai shawara. In aka ga fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya bayan haka, kada a ce sauƙi ya samu. Ƙodar ce ta tsaya.

Fitsarin irin wannan kwikwiyo yana ɗauke da cutar, tana kuma shiga jikin mutum ta ƙujewa ko ido ko baki. Su wa ke rungumarsa, su wa ke yawo ba takalmi a tsakar gida? Yara. A jikin mutum takan fara bayan mako ɗaya ko biyu da zazzaɓi, ciwon kai, jan ido da ciwon sha-raɓa, har a ɗauka maleriya ce. Saboda haka in aka kai yaro asibiti gwajin maleriya bai nuna komai ba, a faɗa wa likita cewa akwai kwikwiyo marar lafiya a gida. Magungunan da ke kashe ta, irin su fenisilin da doksisaikilin, ba baƙi ba ne, amma da wuri suke aiki. Malamanmu dama sun ce fitsarin kare najasa ne. A nan fiƙihu da likitanci bakinsu ɗaya. A kwashe ƙasar da ya jiƙa da shebur, ba da hannu ba, a wanke hannu da sabulu, kwanonsa kuma ya zama nasa shi kaɗai, nesa da randa.

Kwikwiyon da ƙodarsa ke zubar da ruwa, shan da yake yi ne ke riƙe da ransa. A hana shi yini guda a zafinmu sai ya mutu. A ja fatar bayan wuyansa a saki, in ta yi jinkirin komawa, ko dasashinsa ya bushe, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Kada kuma a ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane irin su burufen, domin ƙodar suke ƙarasawa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya ci Madani a Disambar wannan shekara da Sinja a 2024, ya tarwatsa ayyukan kula da dabbobi a wurare da dama. Duk da haka, inda aka samu baitari, a je masa da fitsarin safe a kwalba mai tsabta da lissafin gorar nan ta kwana uku. A tambaye shi allurar rigakafin leftosfira, wadda ake yi sau biyu da tazarar mako biyu zuwa huɗu, da kuma ta haukan kare idan kwikwiyon ya cika wata uku.