Gonar da Ake Wahalar da Ciyawa da Gangan

Tun raɓa ba ta bushe ba injinan yanka suke fara ruri a gonar gwaji ta wata jami'a da ke kudu maso gabashin Amurka. Babu masara a nan, babu auduga, babu rumbu. Abin da manomi ke wuni yana tugewa a gonarsa shi ake reno: ciyawa. An yanka filin fegi-fegi kamar kwamin lambu, kowane fegi da lambarsa da irin da aka dasa a ciki.

Ɗalibai ne ke tuƙa injinan, kuma kowane fegi da tsawon da ake bar masa. Ciyawar da ake kewaye ramin wasan golf da ita ana aske ta kusan kullum, a bar kimanin milimita 3. Ta filin ƙwallon ƙafa kan kai milimita 25. Kafin a fita sai an daidaita wuƙaƙen, domin dakusasshiyar wuƙa yayyaga ganye take yi, ta buɗe wa cuta ƙofa.

Renon na safe ne kawai. Sauran yinin na azabtarwa ne. Akwai wata rumfa mai tayoyi da ake turawa ta rufe wasu fegin idan hadari ya taso, don kada ɗigon ruwa ya taɓa su, a ga wane iri ne zai fi jure ƙishi. Wasu an lulluɓe su da baƙar raga mai tare hasken rana, irin yadda rufin babban filin wasa ke yi. Akwai injin da aka jera wa ƙusoshin takalmin 'yan ƙwallo, ana bi da shi a kan ciyawa ana tattaka ta. Wani fegin ma cuta ake zuba masa, sannan a gwada magungunan feshi. Bayan haka a saki wani ƙarfe mai nauyin kilo 2.25 ya faɗi ƙasa, na'ura ta auna taurin filin, saboda a kansa ne kan ɗan wasa zai bugu.

Lokaci-lokaci malami da ɗalibansa kan zaga da allon rubutu suna ba kowane fegi maki daga 1 zuwa 9. Wanda ya sami 6 ya tsira, wanda ya gaza kuwa sai a manta da shi. Da wannan ma'auni jami'o'in ƙasar ke aiki, don a iya kwatanta sakamakon jihohi masu sanyi da na masu zafi.

Ba wasa ba ne ya sa ake kashe kuɗi a wannan aiki. Wani bincike da Cristina Milesi ta jagoranta a 2005 ya ƙiyasta cewa ciyawar gidaje da filaye da wuraren shaƙatawa ta rufe sama da murabba'in kilomita 160,000 a Amurka, kusan ninki uku na masarar da ake yi wa ban-ruwa. Duk irin da ya rage shan ruwa ko taki, ko da kaɗan ne, amfaninsa na da yawa.

Yawancin fegin gonar dangin kiri-kiri ne, ciyawar nan mai yaɗo da aka sani a bakin fadama. A garin Tifton na jihar Jojiya, Glenn Burton ya fitar da wasu irin da aka samu ta haɗa kiri-kiri da wata 'yar'uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu: Tifgreen a 1956, sai Tifway a 1960. Ba sa yin ƙwaya mai tsira, sai dai a dasa jijiya ko a shimfiɗa su da ƙasarsu, amma Tifway ta shafe shekaru da dama tana mamaye filayen wasa a ƙasashe masu zafi. Kafin sabon iri ya fita kasuwa yakan share fiye da shekara goma a irin wannan fegi.

Manyan gasa ma ta irin waɗannan gonaki suke biyowa. A gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta 1994, masana daga Jami'ar Jihar Mishigan suka reni ciyawa a cikin faranti masu kusurwa shida, aka shigar da su rufaffen filin Silverdome aka jera, aka buga wasa a kai. Don gasar 2026 kuwa, FIFA ta damƙa wa wannan jami'a da ta Tenesi binciken ciyawar filaye 16 a Amurka da Kanada da Meksiko.

Da bazara gonar kan buɗe ƙofa rana guda. Masu kula da filayen golf da na makarantu, da manoman da ke sayar da ciyawa a naɗe, da dillalan taki, sukan cika wurin, suna durƙusawa suna shafa fegi, suna tambayar wanne ya fi saurin farfaɗowa. Daga cikinsu ake samun masu ɗaukar ɗalibai aikin koyo, wani lokacin har da alkawarin aiki bayan kammala karatu.

Idan sanyi ya shigo, kiri-kirin kan yi barci ya koma ruwan ƙasa. Sai a watsa wa wasu fegin irin ciyawar sanyi don su ci gaba da zama kore, a kwance injinan a wasa wuƙaƙensu, ɗalibai su koma aji su karanci ilimin ƙasa, da cututtukan tsiro, da lissafin ban-ruwa, da yadda ake tsara kasafin kuɗin fili na shekara.