Me Ya Sa Mai Ɗaura Ƙwaron Fatsa Yake Manta Lokaci?

Mai karatu, a Ingila da Amurka akwai masu kamun kifi da ba sa sa tana a ƙugiya. Ƙwaron bogi suke haɗawa da hannu. Za su maƙale ƙugiya a wani ɗan ƙarfe mai riƙewa, su naɗe ta da zare, su ɗaura mata gashin wuyan zakara ko na zomo ko na barewa, har ta yi kama da ƙwarin da kifi ke cafka a saman ruwa. Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, marubucin Rum Aelian ya bayyana yadda mutanen Masedoniya ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya.

Masu wannan aikin suna yawan faɗin abu ɗaya: mutum ya zauna zai ɗaura ƙwaro biyu, ya ɗago kai ya ga dare ya tsala. To, ina lokacin ya tafi?

Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Jami'ar Chicago, ya nazarci wannan yanayi. Ya tattauna da masu hawan duwatsu, 'yan wasan ces, da likitocin tiyata, ya fitar da sakamakon a 1975, sannan ya faɗaɗa shi a littafinsa mai suna Flow a 1990. Mu kira yanayin nutsewa cikin aiki: hankalinka gaba ɗaya ya tattaru wuri guda, ka manta da kanka, ka manta da agogo.

Ya gano sharuɗɗa uku, kuma duk suna kan teburin mai ɗaura ƙwaro. Na farko, manufa bayyananniya: ya san ƙwaron da yake so da matakansa, daga jela zuwa jiki zuwa fiffike. Na biyu, sakamako nan take: idan ya ja zaren da ƙarfi ya tsinke, idan ya sassauta gashin ya juye. Ba sai ya jira wani ya ba shi maki ba. Na uku, wahalar aikin ta yi daidai da gwanintarsa. In aikin ya fi ƙarfinka, fargaba ce za ta biyo baya. In ya yi maka sauƙi da yawa, sai gundura. Shi ya sa wanda hannunsa ya faɗa yake komawa kan ƙugiya mafi ƙanƙanta.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwa? Hankali yana da iyakar abin da zai ɗauka lokaci guda. Idan zare da gashi suka cinye shi, babu sauran gurbi na tunanin bashi ko lissafin mintoci. Masani Arne Dietrich ya kawo hasashen cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai sa ido kan abin da kake yi, yana ɗan lafawa a irin wannan lokaci. Har yanzu masu bincike suna gwada hasashen.

Abin ya wuce nishaɗi. A 2005 aka fara shirin Project Healing Waters a asibitin sojoji na Walter Reed a Amurka, inda ake koya wa sojojin da suka ji rauni wannan fatsa da ɗaura ƙwaro don taimaka musu su farfaɗo.

Kai fa? Ba sai ka mallaki ƙugiya ba. Idan karatu na gagarar ka, duba sharuɗɗan nan kafin ka ce ƙwaƙwalwarka ce ba ta ja. "Zan yi karatu" ba manufa ba ce. "Zan warware tambaya biyar, in duba amsar kowace da zarar na gama" ita ce manufa. Zaɓi tambayoyin da suka ɗan fi ƙarfinka kaɗan. Sannan ka ajiye waya a wani ɗaki, domin saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya katse nutsewar, kuma komawa cikinta na ɗaukar lokaci.