Faifan kwamfuta ya mutu: yadda za ku tsare bayananku

Gidaje da ƙungiyoyi da yawa yanzu suna ajiye muhimman abubuwansu cikin kwamfuta: hotunan iyali, takardun gona, lissafin adashe da aikin makarantar yara. Wata rana sai a kunna ta, a ji tana ƙas-ƙas daga ciki, ta ƙi tashi. Mai gyara ya duba ya ce faifan ajiya ya mutu. Sabon faifai da kuɗi ake sayensa, amma aikin shekara biyar da ke kan tsohon ba a samunsa a kasuwa.

Me ke kashe faifai?

Cikin faifan ajiya irin na dā akwai faya-fayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wata 'yar allura tana shawagi a kansu, tana rubutu da karatu ba tare da ta taɓa su ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Idan kwamfuta ta faɗi tana cikin aiki, allurar tana iya kartar faifan. Zafi, da ƙurar hunturu mai toshe fanka, da ɗauke wuta ba zato, duk suna rage masa kwana. Sabon nau'in da ake kira SSD ba shi da abin juyawa, ya fi jure faɗuwa, amma shi ma yana mutuwa, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Kowane faifai yana da ranarsa.

Idan ya fara ba da matsala

• Ku kashe kwamfutar. Yawan kunna ta yana ƙara ɓarna.
• Kada ku yarda a yi wa faifan fomat, ko a sake ɗora Windows, kafin a gwada ceto bayanan.
• Kada ku buɗe shi a gida. Ƙura kaɗan ta isa ta ƙarasa shi.

Dokar 3-2-1

Manomi mai hankali ba ya zuba dukan irin shukarsa a rumbu ɗaya, domin gara ko gobara. Haka ma bayanai. Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yaɗa wata doka mai sauƙin tunawa:

• Kwafi 3 na duk abin da ke da muhimmanci, har da na asali.
• A kan abubuwan ajiya iri 2, misali kwamfuta da faifan waje ko filashi.
• Kwafi 1 a wani wuri dabam, kamar gidan ɗan'uwa amintacce, ko a intanet. Google Drive da OneDrive suna ba da ɗan wuri kyauta.

Ku lura, raba faifai ɗaya gida biyu, C da D, ba ajiya biyu ba ce. Ranar da ya mutu, duka biyun za su tafi. Haka kuma faifan wajen da aka bari a jone kullum: tsawa, ɓarawo ko cutar kwamfuta za su same shi tare da kwamfutar. In an gama kwafi, a cire shi, a ajiye a wuri mai sanyi marar danshi.

Ku gwada ajiyarku

A shekarar 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, an ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, sai yawancin aikin fim ɗin Toy Story 2 ya ɓace. Da suka koma ga ajiyarsu, sai suka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya da ta haihu, tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. Fim ɗin ya fito a 1999. Idan babban kamfani ya iya faɗawa wannan rami, balle mu. Sau ɗaya a wata, ku buɗe takardu biyu ko uku daga ajiyar, ku ga ko suna buɗuwa.

Daga ina za a fara?

Ku fara da abin da ba a iya sake samu. Waƙoƙi da fina-finai za a same su wurin maƙwabci, amma hoton kaka da ta rasu da lissafin bashin ƙungiya ba su da na biyu. Ku tsai da rana ɗaya a mako domin yin kwafi, kamar ranar kasuwa, ku kuma sa mutum ɗaya ya ɗauki nauyin. Takardun da suka fi muhimmanci, ku buga su a takarda. Kada a manta da waya da memorinta, domin nan hotunan yawancinmu suke. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Idan kwamfutar gidanku ko ta ƙungiyarku ta mutu yau, me za ku fi jin zafin rasawa?
• Wa zai riƙe kwafin da za a ajiye a wani wuri?
• Yaushe kuka gwada ajiyarku na ƙarshe?