Ko Ka Sani? Ana Iya Haɗa Kujerar Tuƙin Jirgin Sama a Cikin Ɗaki

Ko ka san cewa jirgin sama bai cika shekara goma da fara tashi ba aka soma koyon tuƙinsa a ƙasa? A shekarar 1910, kamfanin Antoinette na Faransa ya raba ganga gida biyu, ya ɗora rabi bisa rabi, ya kafa kujera a sama. Ɗalibi zai hau ya kama abin tuƙi, wasu mutane na jijjiga gangar da hannu, shi kuwa yana faman daidaita ta. Daga wannan ganga aka faro abin da ya zama na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi.

A 1929 wani matashi mai suna Edwin Link, a garin Binghamton na jihar New York ta Amurka, ya ɗebi zugazugai da bututun iska daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa, ya ƙera akwati mai karkata yana juyawa gwargwadon motsin hannun wanda ke ciki. Da farko an ɗauke shi abin wasa. Sai a 1934, bayan sojojin Amurka sun yi asarar matuƙa wajen jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi, suka sayi guda shida. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, matuƙa sama da 500,000 sun koyi aiki a cikin irin wannan akwati. Akan rufe ɗalibi ruf, ba ya ganin komai sai agogunan da ke gabansa, domin ya saba yarda da su. Dalili shi ne idan ido ya daina ganin ƙasa, jiki kan yaudari matuƙi, ya ji kamar a miƙe yake alhali jirgin ya karkace. Duk wanda ya ga yadda hazon hunturu ke rufe sararin Kano har a soke tashin jirage ya san muhimmancin wannan darasi.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jirgin sama ya sauka a nan tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojojin saman Ingila suka iso daga Masar. A Zariya kuma akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya tun 1964. A 2007 kafofin labarai na duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic, da kujerun tsohuwar Toyota, da wasu sassan jirgin Boeing 747 da ya faɗi a kusa da Kano. Da kuɗin gyaran kwamfuta da wayar hannu ya yi aikin, kuma rahotanni sun ce jirgin bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Basirar tana nan. Amma farfela mai juyawa a kan mutum ba ta yafe kuskure, kuma akwai hanyar da yaro mai irin wannan sha'awa zai bi ya san jirgi ciki da bai ba tare da ya sa ransa a haɗari ba: ya ƙera kayan tuƙin, ya bar kwamfuta ta zama jirgin.

Kafin a yanka ƙarfe, sai an san abin da hannu da ƙafa ke yi a cikin helikwafta. Babbar farfelar da ke samansa kusan gudu ɗaya take yi a koyaushe. Abin da matuƙi ke canzawa shi ne yadda fikafikanta ke karkata suna kamfatar iska. A gefen hagunsa akwai liba mai kama da burkin hannu na mota, ana ce mata kolektib. Idan ya ɗaga ta, dukkan fikafikan za su ƙara karkata a tare, jirgi ya yi sama. Idan ya sauke, ya yi ƙasa. A wasu jiragen, mariƙin libar da kansa totur ne da ake murɗawa. Tsakanin gwiwoyinsa kuma akwai sandar da ake kira saikilik, wadda hannun dama ke riƙewa. Ita tana ƙara wa fiffike karkata a wani ɓangare na zagayensa, ta rage a ɗaya ɓangaren, sai faifan farfelar ya sunkuya, jirgi ya nufi gaba, ko baya, ko gefe.

Saura feda biyu na ƙafa. Yayin da inji ke juya farfela ta wata fuska, gangar jikin jirgin na neman juyawa ta ɗaya fuskar. Ƙaramar farfelar wutsiya ce ke hana haka, kuma ita fedar ke sarrafawa. A nan wahalar take: da zarar ka ɗaga kolektib, ƙarfin murɗawar ya ƙaru, hancin jirgi ya fara kaucewa, dole ƙafa ta amsa nan take. A jiragen Amurka irin su Bell da Robinson ƙafar hagu ake ƙarawa. A na Rasha irin su Mi-17, da farfelarsu ke juyawa akasin haka, ƙafar dama ce. Taɓa ɗaya na tilasta gyara sauran biyun. Shi ya sa tsayar da helikwafta cak a wuri ɗaya ya fi tafiya da shi wuya, kuma shi ya sa madannan kwamfuta ba za su taɓa koya maka ba.

To, yaya ake ƙerawa? Aikin kashi biyu ne, na mai walda da na mai gyaran waya, kuma ɗan Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi a Kano ba sai ya yi nisa ba kafin ya same su. Masu dalma da awon lantarki suna cike da kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni. Ƙarfe, da boris, da kayan gwangwan kuwa akwai su a Ƙofar Ruwa.

Ɗauki sandar saikilik. Ana samun bututun ƙarfe mai tsawon kimanin rabin mita, a kafa gindinsa a kan firam biyu, ƙarami cikin babba, kowanne na juyawa a kan boris guda biyu: ɗaya gaba da baya, ɗaya hagu da dama. Tsawon yana da dalili. Sandar wasa ta kan tebur mai santimita 15, idan ta karkata digiri ɗaya, kanta bai motsa ko milimita uku ba. Mai santimita 50 kuwa sai ya yi kusan milimita tara. Wannan rata ce ke ba yatsu damar yin ƙananan gyare-gyaren da tsayuwa a iska ke buƙata. Kuma ba a sa mata sifirin mai ƙarfi da zai riƙa fizgo ta tsakiya. An fi so ta yi laushi da ɗan nauyi, don haka masu haɗawa kan maƙala mata ƙaramin shokozoba mai laushi. Kolektib kuwa ana ɗaure ta da noti da wani abu mai gogayya, ta tsaya duk inda aka sake ta. Tsohon burkin hannu da mariƙin totur na babur suna yin aikin sarai.

Yanzu ta yaya kwamfuta za ta san sanda ta motsa? Hanya mafi araha ita ce irin abin nan da ke ƙarƙashin maɓallin ƙara murya na rediyo. Ƙafafu uku gare shi: ɗaya na karɓar bolt biyar, ɗaya na komawa ƙasa, ta tsakiya na fitar da wuta daidai da inda aka murɗa shi. Wannan wutar ake kaiwa ga ƙaramin allon lantarki irin su Arduino Leonardo ko Pro Micro, wanda ke mayar da ita lamba tsakanin 0 da 1023, ya aika ta wayar USB. Kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin sandar wasa, kuma daga jikinta yake shan wuta. Sai dai akwai tarko: maɓallin na juyawa kusan digiri 270, sanda kuwa ba ta wuce 30 ko 40 ba, ke nan lambobi ɗari da 'yan kai kawai za a mora. Maganinsa haƙoran giya da za su ninka juyin. Tarko na biyu ƙura ce, wadda ke shiga ciki ta sa lambobi su riƙa rawa. Don haka gwanaye sun fi son firikwensin Hall, ɗan ƙaramin abu mai jin ƙarfin maganaɗisu. Ana liƙa maganaɗisu a jikin sanda, firikwensin kuma a kafa shi daf da shi ba tare da sun taɓa juna ba, babu gogayya balle lalacewa.

Mai son jirgi mai fikafikai aikinsa ya fi sauƙi: sitiyari mai shiga da fita, da libar totur, da feda. Manhaja kuma akwai zaɓi. Microsoft Flight Simulator na nan tun 1982, akwai X-Plane, ga FlightGear da ake saukewa kyauta. Idan ka rubuta DNKN a cikin manhajar, lambar filin jirgin Malam Aminu Kano ke nan. DNZA kuma na Zariya.

Wannan kujera ba ta ba da lasisi; sai an bi ta makarantar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta amince da ita. Ba ta kuma girgiza jiki kamar manyan na'urorin kamfanonin jirage masu tsayuwa kan ƙafafu shida. Amma tana koya wa hannu da ƙafa aiki tare, tana koyar da karatun agogo, kuma wanda ya haɗa ta ya riga ya taɓa walda, da lantarki, da rubuta umarnin kwamfuta, sana'o'i uku da ake ci da su ko ba a taɓa tuƙa jirgi ba. Malaman makarantun kimiyya da fasaha na Kano za su iya mayar da ita aikin aji, wasu ɗalibai a kan feda, wasu a kan sanda. Mai farawa shi kaɗai kuma ya soma da kolektib, domin motsi ɗaya take yi, firikwensi ɗaya take buƙata. Idan ya ɗaga libar da ya ƙera ya ga lamba ta hau a allo ba tare da rawa ba, ya gane tushen aikin, sauran sassan duk a kan wannan ƙa'ida za su tafi.