Sharhi: Yadda matuƙin jirgin ruwa zai san ainihin man da ya rage masa yana tsakiyar tafiya

Idan fetur ya ƙare wa direban mota, abin da zai yi shi ne ya raɓa gefen titi ya ɗauki jarka ya nemi gidan mai. Matuƙin jirgin ruwa mai inji ba shi da wannan gata. Da zarar inji ya mutu a tsakiyar Kogin Neja ko Binuwai, jirgi ya daina jin umarni, ruwa ne zai juya shi yadda ya ga dama, ya kai shi kan dutse ko kututturen itace, ko ya gicciye shi ga igiyar ruwa da fasinjoji a ciki.

A Tafkin Kainji, wanda tsawonsa ya haura kilomita 130, jinkirin sa'a biyu kan iya jefa matafiya cikin duhu, alhali Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, wato NIWA, ta hana zirga-zirgar dare. Ga kuma tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wadda ke sa mai jirgi ya sayi daidai abin da yake zaton zai kai shi. Saboda haka sanin ainihin man da ke cikin tanki ya zama batun tsare rayuka.

Abin da geji yake aunawa

Akasarin jiragen da ke da tanki a jikinsu suna amfani da irin gejin da ke cikin mota. A cikin tankin akwai wani ƙwallo mara nauyi da ke iyo a saman mai, haɗe da ɗan hannu na ƙarfe. Idan mai ya yi sama ƙwallon ya bi shi, idan ya yi ƙasa ya sauka tare da shi, wannan motsi ne ake aikawa ta waya zuwa allurar da matuƙi ke kallo.

Ke nan zurfin mai a wuri ɗaya tak geji yake gani, bai san yawan lita ba. Wannan ne tushen duk ruɗanin.

Yayin da matuƙi ya ba da totur, goshin jirgi yana ɗagawa, mai ya gangara baya. Idan ƙwallon yana can baya, allura za ta nuna mai ya fi yadda yake. Idan yana gaba, za ta nuna ya kusa ƙarewa. Haka in fasinjoji ko buhunan kaya suka yi nauyi a gefe ɗaya. Igiyar ruwa kuwa tana sa mai ya riƙa tangal-tangal, allura ta yi ta kai da komo.

Siffar tanki ma tana da nata tasirin. Tankuna da yawa ana ƙera su ne su bi siffar cikin jirgi, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. A irin wannan tanki, lokacin da allura ta zo rabi, man da ya rage bai kai rabi ba. Shi ya sa matuƙa kan lura cewa allura tana daɗewa a sama, amma da ta wuce tsakiya sai ta faɗi da sauri. Bugu da ƙari, bututun da ke zuƙo mai ba ya taɓa gindin tanki, don haka litocin ƙarshe ba sa isa ga inji, kuma a nan ne ruwa da datti suke kwanciya.

Akwai kuma matsalar kayan gyara. Tsarin geji iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. A tsarin Amurka, na'urar cikin tanki tana ba da om 240 idan tanki babu komai, om 33 idan ya cika. A tsarin Turai abin akasin haka ne, kimanin om 10 idan babu komai, om 180 idan ya cika. In makanike ya haɗa na'urar wannan tsari da allurar wancan, karatun zai juye. Tsatsa a mahaɗar wayoyi ita ma tana ƙara yawan om, wanda a tsarin Turai yake sa allura ta nuna mai fiye da wanda ke akwai, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi haɗari.

Yadda ake karanta geji a kan ruwa

Ƙa'idar farko ita ce a riƙa karanta geji a yanayi iri ɗaya kowane lokaci. Matuƙi ya rage gudu har goshin jirgi ya sauka, ya nemi wurin da ruwa ya lafa, ya jira minti ɗaya ko biyu mai ya natsu, sannan ya duba. Inda ba hali a tsaya, ya lura da mafi ƙasan inda allura ke kaiwa, ya yi aiki da shi.

Ta biyu ita ce mai jirgi ya tantance gejinsa da kansa, sau ɗaya ya wadatar muddin ba a canza tanki ko na'ura ba. Ana yin haka ne jirgi yana ɗaure a ruwa mai kwanciya, tanki babu komai. A zuba lita biyar, a rubuta inda allura ta tsaya, a ƙara biyar, a sake rubutawa, har tanki ya cika. Idan bakin tankin a miƙe yake, a tsoma sandar katako mai tsabta a kowane zubi, a yi mata tsaga daidai inda mai ya jiƙa. Daga ranar, sandar ta zama ma'auni wanda ba ruwansa da waya ko batir.

Ba a tsoma sanda sai an kashe inji. Kuma ba a leƙa tanki da ashana, ko fitilar kwai, ko taba a baki, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a cikin jirgi yana jiran tartsatsi.

Yawancin kwale-kwalen katako da ke jigila a Yauri, Lokoja da sauran garuruwan bakin kogi da jarka ko ƙaramin tanki na ɗauka suke aiki. Ga masu irin wannan, gani ya kori ji: jarka mai haske da aka yi wa alama a kowace lita biyar ta fi ƙaramin gejin da ke kan murfi gaskiya. Ana kuma iya amfani da sikeli na ratayawa, tunda litar fetur ɗaya tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo. Raba mai cikin jarkoki biyu ko uku yana da ƙarin amfani, domin ƙarewar kowace jarka sanarwa ce da ba ta kuskure.

Agogo da lissafi

Ma'aunin da igiyar ruwa ba ta girgiza shi shi ne lokaci. Kowane inji yana da adadin litar da yake sha a sa'a. Alal misali, injin fetur mai ƙarfin doki 40 yakan sha tsakanin lita 15 zuwa 20 a sa'a idan an ƙure totur, ya ragu sosai idan an sassauta. Amma adadin da za a dogara da shi shi ne wanda matuƙi ya auna a nasa jirgin: ya cika tanki, ya duba agogo, ya yi tafiyarsa, ya sake cikawa, ya raba litar da ta shiga da sa'o'in da inji ya yi yana aiki. Ya maimaita wannan da kaya masu nauyi da kuma marasa nauyi, domin lodi, lanƙwasasshiyar farfela da ciyawar da ke naɗe ta duk suna ƙara shan mai.

A harkar jiragen ruwa akwai sananniyar ƙa'ida ta raba mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. A kogi sai an yi mata gyara, saboda gangara da hawa ba ɗaya ba ne.

A ɗauka jirgi yana gudun kilomita 20 a sa'a, ruwa kuma yana gudun kilomita 4. In yana bin ruwa, kilomita 24 yake ci a sa'a, in yana gaba da ruwa kuwa 16 kacal. Tafiyar kilomita 48 za ta ɗauki sa'a biyu a gangara, sa'a uku a dawowa. Idan injin yana shan lita 12 a sa'a, zuwa zai ci lita 24, dawowa 36, jimilla 60. Domin a bar kashi ɗaya cikin uku a ajiye, lita 90 ya kamata a tashi da su. Wanda ya ninka man zuwa sau biyu kawai, ya ɗauki lita 48, injinsa zai mutu da sauran tafiyar sa'a guda. Bambancin yana ƙaruwa a watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da kogunan suke cika suna ƙara ƙarfi.

Na'urorin zamani

Jiragen hukumomi da na kamfanoni, musamman a Legas da yankin Neja Delta, suna iya amfani da na'urar da ke ƙirga man da ke wucewa ta tiyo zuwa inji. Karkatar jirgi ba ta shafarta, tana nuna litar da ake sha a sa'a da jimillar da aka ƙona. Sharaɗinta shi ne a shigar mata da adadin man da aka zuba a duk lokacin da aka sha mai, in an manta sau ɗaya lissafinta ya rushe. A injin dizal ana buƙatar ma'auni biyu, saboda wani ɓangare na man yana komawa tanki. Ita ma na'urar GPS da ke cikin wayar hannu tana taimakawa wajen nuna ainihin gudun jirgi da nisan da ya rage.

Duk hanyar da aka bi, abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa shaida biyu, geji da lissafin agogo. Idan suka yi daidai, a ci gaba da tafiya. Idan suka saɓa, a ɗauki wanda ya nuna mai ya fi ƙaranci, a nufi gaɓa mafi kusa, a tsoma sanda. Jarkar ajiya, filafili, igiya da anka su kasance a cikin jirgi, kowane fasinja kuma da rigar kariya a jikinsa tun kafin a bar gaɓa.